Ranar da Muka Share Barha

Samarin yanzu idan na ce musu na yi shekara goma sha bakwai ina rubuta wa mutane takardar koke a Madina, sai su yi ɗan murmushin nan na ladabi, su ce, "Masha Allah ya ammi," wato kawu, a ransu kuwa suna cewa ashe zaman banza tsohon nan ya yi. A ganinsu aikin bai wuce ka zauna a inuwa ka buga "bayan gaisuwa" ka miƙa wa mutum takardarsa ba. Ba na jin haushinsu sosai. Sun taso komai a waya yake, ka danna nan ka danna can, saƙo ya zo maka cewa an gama. Ba su taɓa ganin takarda ta yi wata huɗu tana hawa bene tana sauka ba, balle su san akwai wanda aikinsa ke nan, ya san wace ƙofa ya kamata ta fara shiga.

Sunan takardar ma'arud. Ita ce wadda talaka yake kai wa hukuma ya ce ga abin da ke damuna, ga abin da nake roƙo. Na shiga sana'ar a farkon shekarun casa'in, bayan na gama karatun Larabcin da ya kawo ni daga Gumel, na kuma rasa ƙarfin zuciyar barin garin Manzo. Wanda ya ɗauke ni aiki Amm Bakur ne, Bahaushen Madina, a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano a ƙafa. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a titin Sultana, tsakanin mai facin taya da mai sayar da ful, wato dafaffen wake, saboda haka takardunmu kullum da ɗan warin roba da ƙanshin man zaitun suke isa gaban hukuma.

Kayan aikin ba su da yawa. Tafireta ce ta Larabci, tsohuwa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, harafinta ɗaya yana maƙalewa sai ka sa farce ka dawo da shi. Sai takardar kabon, don kowane ma'arud kwafi uku muke yi: ɗaya ya tafi, ɗaya na mai shi, ɗaya ya zauna a durowarmu. Sai abin huda takarda, da tawadar dangwale ta waɗanda ba su iya sa hannu ba, da tulin fayil kore mai ƙarfen rataya. Wannan koren fayil ku tambayi iyayenku labarinsa. Ko da ruwan zinare aka rubuta takardarka, in ba a cikinsa ta zo ba, ka koma ka sayo shi tukuna.

Ma'arud na farko da na rubuta a kan fitilar titi ne. Wani tela ɗan Sudan ya zo ya ce fitilar layinsu ta mutu, matansu suna tuntuɓe in sun dawo daga masallaci. Ni kuwa ga ɗanyen Larabcin jami'a yana cin kaina. Na cika shafi ɗaya da rabi, na yabi hukuma, na yabi haske, na la'anci duhu, har da jimlolin da ƙarshensu ke tafiya tare. Na miƙa wa Amm Bakur ina jiran yabo. Ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau.

"Ya Harun, wannan huɗubar Juma'a ce ko ma'arud?"

Na ce, "Ai na ga ya kamata a girmama su, Ammi."

"Isma' ya waladi, saurara ɗana. Ma'aikacin nan fayil ne jibge a gabansa, ga shayinsa yana hucewa. Faɗa masa wane ne kai, ina ne wurin, me kake so. Buƙata ɗaya, takarda ɗaya. Khalas, shi ke nan. In kana son waƙa, ka yi wa matarka."

Ya yaga ta gida huɗu ya ba ni sabuwa. Na yi ta a layi bakwai. Sai na ɗauki koren fayil zan nufi baladiyya, wato hukumar gari masu titi da fitila da shara. Ya ce in tsaya. Ya tambaye ni hatimin wa ke jikin takardar. Na ce babu. Ya ce to ina za ni da marainiyar takarda?

A ranar na fara sanin asalin sana'ar. Kowace hara, wato unguwa, tana da umda, kamar mai unguwa a gida. Yana da hatimi, yana da mirkaz, wasu dogayen kujerun katako a ƙofar gidansa inda dattawan hara suke zama da shi bayan la'asar, su ne majalisarsa. Sama da shi akwai reshen baladiyya na shiyya, sama da reshe kuma akwai babban ofishi na gari duka. Umda ya san kowa: wa aka haifa, wa ya tashi, gidan wa ruwa yake shiga, amma ba shi da kwalta ko motar ɗaukar ƙasa. Baladiyya tana da kwalta da motoci da injiniyoyi, amma ba ta san sunan kowa ba, taswira ta sani. In umda ya yi magana babu takarda, maganar a mirkaz take kwana. In takarda ta je babu umda, sai ta isa kamar baƙon da ba shi da masauki. Mu ne a tsakiya. Rabin aikin a tafireta ake yinsa, rabin kuwa a kan kujerar mirkaz, kana shan gahawa mai ɗaci kana jiran a zo kan maganarka.

Akwai aikin da har yau nake alfahari da shi. Hararmu tana kudu, wajen Ranuna, kuma duk wanda ya zauna can ya san ruwa ba ya yawan zuwa, amma ranar da ya zo ba ya sallama. Za a yi wa wani layi kwalta, injiniya ya zana magudanar ruwa ta ɓangaren gabas. Dattawa suka ce a'a, ruwa ta yamma yake gangarowa tun suna yara. Na rubuta ma'arud, Umda ya buga hatimi ya ƙara layi biyu da hannunsa, na kai. Mako biyu bayan nan Umda ya ɗauko injiniyan a motarsa, ya zagaya da shi a ƙafa, tsofaffi uku suna biye, suna nuna masa tabon da ruwa ya bari a jikin katangu. Mutumin ya tsuguna ya duba, ya buɗe taswirarsa a kan bonet ɗin mota ya ja sabon layi da jan biro. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ji kunya. Ruwan da aka yi bayan nan ya bi hanyarsa ya wuce, ba gidan da ya shiga.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Akwai likitocin Najeriya da masu haɗa magani, su Turanci ya cika musu baki, Larabcin ofis kuwa sai a hankali, su zo da abin da suke so a rubuce a bayan takardar magani. Akwai 'yan Chadi masu gini, da Hausawan Sudan masu ɗinki da tuƙi. Akwai tsofaffin da za su zauna su ba ka labari tun daga ranar da suka baro gida, sai a ƙarshe ka gane kwandon shara suke so a matsar daga ƙofarsu. Ba a katse su. In ka katse tsoho ka rasa ainihin koken, don a wutsiyar labarin yake ajiye shi.

Duk waɗannan mutanen wuri ɗaya suke haɗuwa a hararmu, shi ne barha. Fili ne a tsakiyar gidaje, bai kai rabin filin ƙwallo ba, ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Akwai rumfar tamfol da aka yi wa faci har ba a san asalin launinta ba, da bencina huɗu, da randuna biyu na ruwan sha a kan ƙarfe. Da hantsi mata suna fito da tire, ƙosai da yaji da gyaɗa. Bayan la'asar maza su cika wurin. A nan ake raɗin suna, a nan ake zaman makoki, a nan baƙon da ya sauko daga mota bai san kowa ba yake tsayawa ya ji Hausa ya ajiye jakarsa. Hausar Kano da ta Damagaram da ta Sudan da ta Chadi duk a kan benci ɗaya, kowa yana yi wa ta ɗan'uwansa dariya.

Bencin da ke jikin randa na Baba Gambo ne. Tsoho ne da ya zo ta Sudan tun yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, ya binne mata biyu, idonsa ya yi rauni. Ba shi da ɗa a garin. Da an yi sallar asuba rana ta ɗan ɗaga zai lallaɓo da sandarsa ya zauna, ba ya tashi sai don salla. Da takun mutum yake gane shi. In na zo wucewa da fayil a hammata sai ya ce, "Ɗan Gumel, yau wa za a kai ƙara?" In ce, "Kai ne, Baba." Ya ce, "To ka rubuta da kyau, kar ka ba ni kunya." Barhar nan ita ce ɗakinsa, ita ce danginsa. Ɗakin da yake kwana kuwa ko taga ba shi da ita.

Shekarar da ta zame mini baƙa, ƙarshen shekarun casa'in ce. Ciwon sukari ya kwantar da Amm Bakur, ofis ya dawo hannuna ni kaɗai. Na yi shekara bakwai a aikin, na san ma'aikata da sunayensu, ana cewa takardar Haruna ba ta dawowa. Kaina ya yi girma, gaskiya ke nan. Sai wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a jikin katangun da ke bakin barha. Za a buɗe sabon titi ya haɗa hararmu da babbar hanya, kuma ta tsakiyar filin zai bi. A taswira wurin fili ne fanko. Amma akwai ƙa'ida: in aka tabbatar jama'a suna amfani da wuri, ana iya karkatar da titin ta bayan gidaje inda akwai wani kango, a bar filin a rubuta shi dandalin hara.

Na je mirkaz a ranar. Umda dattijo ne Balarabe, mai magana a hankali kamar yana ƙirga kalmomin. Ya saurare ni, ya ce, "Khalliha alayya ya Harun, bar min ita." Na koma bayan mako ɗaya, ya ce in sha gahawa. Na koma bayan mako biyu, ya tambaye ni jikin Amm Bakur. Ni kuwa ina kallon jan fentin nan kullum, mutane suna tare ni a hanya suna cewa, "Malam Haruna, ina aka kwana?" Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata tsohon nan ba barharsa ba ce, mu baƙi ne, me ya dame shi. Na zalunce shi da wannan zato, kuma Allah Ya sani na yi nadamarsa.

Na zauna na buga ma'arud mafi kyau da na taɓa bugawa. Na bi gida-gida da tawadar dangwale har shafi uku suka cika da yatsu. Ban kai wa Umda ba. Ban ma kai reshen baladiyya ba, na wuce kai tsaye babban ofishi, na sa sunana da lambar wayar ofishinmu a ƙasa. Aka karɓa, aka ba ni lamba. Kwana tara sai waya ta yi ƙara. An sauko da takardar zuwa reshe, kuma muraƙib, wato ma'aikacin da ake turawa ya gani da idonsa, zai zo gobe ƙarfe goma na safe. Na ajiye wayar ina jin kamar ni na gina Sultana.

Da yamma na nufi gidan Hajja Kaltuma. 'Yar Chadi ce, ita ce uwar matan hara, duk biki ko rasuwa ita ke raba aiki. Na tsaya a ƙofa na ce, "Hajja, gobe muna da manyan baƙi daga hukuma, barha za su duba. A gyara wuri don Allah, kar a ga ƙazantarmu."

Ta dafa ƙirji. "Hukuma da kanta? Wallai ɗana ba za mu ba ka kunya ba. Bar mu da shi."

Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane ba, amma mu haka aka rene mu. In babban baƙo zai zo, share gida ake yi, a ɓoye tsumma, a kori yara, a kawar da duk abin da ya tsufa. Abin da aka yi ke nan. Tun da sassafe mata suka fito da tsintsiya. Aka kwance rumfar tamfol saboda facinta ya yi yawa. Aka kwashe bencina aka shigar cikin gidaje, don ƙafar ɗaya da waya aka ɗaure ta. Aka ɗauke randuna. Masu tire suka ce su dai sun san in an ce baladiyya to ba a son talla a hanya, suka zauna a gida. Waɗanda takardar zamansu ta ƙare ba sai an ce musu komai ba, ko tari ba a ji nasu ba. Aka yayyafa ruwa, har turaren wuta Hajja ta zagaya da shi.

Baba Gambo ya lallaɓo kamar kullum, ya laluba da sanda bai ji bencinsa ba. Ni na tare shi. Na kalli rigarsa da ta sha jiki, na ce, "Baba, yau ka huta a ɗaki, baƙi za su zo, ga rana babu rumfa."

Ya ce, "To, ɗan Gumel. In sun tafi ka aiko a gaya min."

Na riƙe hannunsa na mayar da shi har ƙofa.

Muraƙib ya zo ƙarfe goma daidai. Saurayi ne mai ladabi, da kyamara a wuya da tef na awo. Na tarbe shi da babbar rigata. Ya tsaya a tsakiyar filin ya juya gabas ya juya yamma. Wuri fes, ko karan sigari babu, sai sawun tsintsiya a ƙasa.

Ya ce, "Ya ustaz, a takardarka ka ce jama'a suna zama a nan kullum. Fen an-nas? Ina mutanen?"

Na ce, "Bayan la'asar suke fitowa."

"Ni aikina ƙarfe biyu yake tashi. Akwai kujeru? Akwai rumfa? Wani abu da zan ɗauka a hoto?"

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Na ce akwai, an shigar da su ne, bari in sa a fito da su. Ya yi murmushi, ba na raini ba, ya ce in aka fito da kujeru saboda shi, ba zai iya rubuta cewa ya same su ba. Ya ɗauki hotunansa, ya auna, ya sha ruwan da aka kawo masa a kofin gilashi mai kyau, ya yi godiya ya tafi. Abin da ya gani ya rubuta, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Bayan kwana uku Umda ya aiko in zo. Na same shi a mirkaz shi kaɗai, ya sallami dattawan. Kwafin rahoton yana kan cinyarsa, an aiko masa don ya sani. Ya zuba mini gahawa da hannunsa, abin da ya fi mari ciwo.

Ya ce, "Ya Harun, ka san me nake jira? Shugaban reshe yana hutu. Ranar Asabar zai dawo. Na riga na yi magana da ɗan'uwansa, za mu zo da shi bayan la'asar, ba da kyamara ba. In zaunar da shi kusa da makahon nan naku, a kawo masa shayi, yara su yi ta tsallake ƙafarsa. Ba sai an rubuta masa komai ba. Daga baya ka kawo ma'arud in sa hatimi, takarda ta bi abin da ido ya gani."

Na ce, "Ban sani ba, ya Umda."

"Ba ka tambaya ba. Ni ma ban faɗa ba, wannan nawa ne." Ya ɗaga rahoton. "Kuma wa ya ce ku share?"

Na ce masa al'adarmu ce in baƙo zai zo. Ya ce, "Al'ada mai kyau. Amma shi ba baƙo ba ne, shaida ne. Ba a ɓoye wa shaida kaya."

Bai bar ni ni kaɗai ba, wannan zan faɗa har in mutu. Na sake buga ma'arud, ya sa hatimi, ya yafa mishlahinsa, wato alkyabbarsa, muka tafi tare. Sau huɗu muna hawa benen nan. Shugaban reshe ya karɓe mu da mutunci, ya ce da a hannunsa maganar take da an gyara. Amma da yake ta sama na shigar da ita, rahoton can ya koma, an sa hannu a taswira, an riga an ba ɗan kwangila aiki. Abin da suka iya yi mana sun yi: suka faɗaɗa gefen titi, suka dasa bishiya biyu, suka sa bencin siminti. Bencin nan da rani ko kyanwa ba ta hawa.

Da na je gaya wa Amm Bakur yana kwance, ƙafarsa a naɗe. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Shekara bakwai ina koya maka ƙofa, ka je ka shiga ta taga." Ya juya fuskarsa bango. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Ranar da motar rusau ta zo ban je ofis ba, ban kuma fita ba. Titin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, yanzu minti biyar ka isa masallacin Kuba. Amma hara ta watse tana nan a tsaye. Ba wanda ya tashi a shekarar, sai dai kowa ya koma bayan ƙofarsa. Suna ya koma cikin falo, mutum goma sun cika shi. Mata suka daina fito da tire. Yaran da a da suke jin Hausa a barha ko ba su so, suka koma ba sa jinta sai a bakin uwa, su amsa da Larabci. Ina kewar wurin nan har yau, kewa irin wadda ba na yi wa Gumel ma. Ina kewar ƙarar murfin randa, da gardamar 'yan Damagaram da Kanawa a kan wa ya iya gaisuwa, da yadda in ka fito da damuwa kafin ka tsallake filin wani ya raba ka da rabinta.

Baba Gambo ya gwada bencin siminti kwana biyu. Ƙarar motoci ta hana shi jin takun mutane, ya kasa gane mai wucewa, sai ya daina fitowa. Nakan je wurinsa duk Juma'a. Bai taɓa cewa ni na jawo ba, ko sau ɗaya. Sai dai ya ce, "Ɗan Gumel, wa da wa ka gani a hanya?" In lissafa masa. Wani lokaci in ƙara da waɗanda ban gani ba, don lissafin ya yi tsawo. Na ci gaba da sana'ata shekara goma bayan nan, ban sake kai takardar hara ko'ina ba sai ta kwana a mirkaz, kuma duk wanda na ji zai karɓi muraƙib nakan ce masa ya bar wurin yadda yake, ko tsinke kar a ɗauke.

Shekara biyu da yin titin Baba Gambo ya rasu. Aka yi masa salla a Harami aka kai shi Baƙi'a, abin da ya baro gida dominsa. Sai maganar zaman makoki ta taso, ba shi da gida, hara kuma ba ta da fili. Na buga ma'arud ina roƙon a ba mu izinin rufe ƙaramin layin da ke gefen titin na kwana uku mu jera kujeru. A wurin dalili na rubuta cewa mutanen hara ba su da inda za su zauna. Na kai wa Umda, ya karanta, ya buga hatimi, ya ce in ba shi fayil ɗin shi zai kai da kansa. Kafin azahar izini ya fito.

Ban san daga ina mutane suka fito ba. Tsohon da ba shi da ɗa, amma kujeru suka ƙare, aka shimfiɗa tabarmi, tabarmi suka ƙare. 'Yan Chadi, 'yan Sudan, likitoci da fararen rigunansu, waɗanda suka sauka a barha da jaka shekaru da suka wuce ya nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Layin ya cika har bakin kwalta. A rana ta biyu bayan la'asar motar Umda ta tsaya, ya fito tare da wanda aka turo ya duba ko mun tsaya inda aka ba mu. Muraƙibin nan ne. Ya ɗan yi ƙiba, amma shi ne, kuma ya gane ni.

Ya yi mini ta'aziyya. Sannan ya tsaya yana kallon jama'a, ya kalli titin, ya sake kallon jama'a. Na ga yana lissafin wurin a ransa.

Ya ce a hankali, "Ya ustaz, duk waɗannan 'yan harar nan ne?"

Na ce, "Yawancinsu."

"To ina suke ranar da na zo?"

Umda yana gefe, bai taimake ni ba, bai kuma kawar da kai ba.

Na ce, "Suna cikin gida. Ni na ce su shiga. Shi ma wanda muke zaman makokinsa, ni na riƙe hannunsa na mayar da shi ɗaki."